Yadda Dafin Ƙwayoyin Cuta Ke Haddasa Gudawa Ga 'Ya'yan Aladu

A duk inda ake kiwon aladu, tun daga manyan gonakin Denmak da ƙasar Sin har zuwa ƙananan garake na kudancin Jihar Kaduna da Filato da Binuwai, babu abin da makiyayi yake fargaba a kwanakin farko bayan haihuwa kamar gudawa. Uwar alade tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 114, ta haifi 'ya'ya goma ko fiye a lokaci guda. Ana iya wayar gari da su lafiya lau suna tsotso, amma kafin gari ya sake wayewa a tarar sun jiƙe sharkaf da zawo mai ruwa-ruwa, idanu sun faɗa, fata ta bushe, wasu ma sun riga sun mutu. Abin mamaki shi ne, idan likitan dabbobi ya buɗe cikin wanda ya mutu, sau da yawa ba ya ganin rauni ko gyambo. Tumbi cike yake da nonon da ya sha, hanji ya kumbura da ruwa, amma bangon hanjin yana nan kusan yadda aka halicce shi. To, mene ne ya kashe shi?

Mai yiwuwa ɗalibi ya ce ina ruwansa da alade, dabbar da mafi yawan Hausawa ba su ci, ba su kiwo. Dalilin nazarin shi ne, a jikin wannan dabba aka fara gano yawancin abin da aka sani a yau game da wata irin gudawa wadda take kashe 'yan maruƙa da 'yan tumaki, kuma take kwantar da yara ƙanana a ƙasashe masu ƙarancin tsabtataccen ruwan sha. Dangin ƙwayar cutar ɗaya ne, dafin ma kusan ɗaya ne.

Ƙwayar da ake zargi

Sunan ƙwayar Escherichia coli, a taƙaice E. coli. Wani likitan yara Bajamushe, Theodor Escherich, shi ya fara bayaninta a shekarar 1885. Bakteriya ce mai siffar ɗan guntun sanda, ƙanƙantarta ta kai sai an jera kimanin 500 kafin su cika tsawon milimita ɗaya. Tana zaune a babban hanjin mutane da dabbobi masu lafiya, kuma mafi yawan nau'o'inta ba su cutar da kowa. Wannan shi ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Ta yaya za a ɗora laifin cuta a kan ƙwayar da ake samu a cikin mai lafiya da marar lafiya, alhali kuwa a madubin ƙara girma ba a iya bambanta ta wannan da ta wancan?

Hanyar warware matsalar daga Indiya ta fito. A birnin Kalkata, wani likita mai suna Sambhu Nath De yana binciken kwalara. A 1953 ya bayyana wata dabara mai sauƙi: a sa wa zomo maganin barci, a buɗe cikinsa, a ɗaure wani yanki na ƙaramin hanji da zare ta kai biyu, a zuba ƙwayar da ake zargi a ciki, a ɗinke. Idan ƙwayar mai jawo zawo ce, washegari sai a tarar yankin ya cika tim da ruwa. A 1959 ya ƙara wani mataki. Ya tace ruwan da aka raini ƙwayoyin kwalara a ciki, har ba sauran ƙwaya ko ɗaya, ya zuba ruwan kaɗai, hanjin kuma ya kumbura. Ke nan ba jikin ƙwayar ke jawo zawon ba, wani abu ne da take fitarwa.

A Ingila, wani likitan dabbobi mai suna H. Williams Smith tare da Sheila Halls suka ɗauki wannan dabara suka yi amfani da ita a hanjin alade, suna ɗaure shi gaɓa-gaɓa kamar rake domin a gwada nau'o'i da yawa a dabba ɗaya. A 1967 suka nuna cewa nau'o'in E. coli da aka samo daga aladu masu gudawa suna fitar da dafi, waɗanda aka samo daga masu lafiya kuwa yawanci ba su fitarwa. A 1970 Smith da Carlton Gyles suka tabbatar cewa dafin iri biyu ne. Ɗaya yana lalacewa idan aka ɗumama shi a digiri 60 na ma'aunin santigireti tsawon rabin sa'a, aka sa masa suna LT. Ɗayan kuwa ko an tafasa shi minti 15 yana nan da ƙarfinsa, shi ne ST.

Abin da dafi ke yi wa hanji

Kafin a fahimci ɓarnar dafi, sai an san aikin hanji mai lafiya. Cikin ƙaramin hanji lulluɓe yake da wasu 'yan yatsu ƙanana kamar gashin tawul, su kuma an rufe su da sel-sel, wato ƙananan tubalan da aka gina jikin mai rai da su. Sel-sel na saman yatsun aikinsu tsotsar abinci da ruwa. Na gindin yatsun, waɗanda ke cikin wasu 'yan ramuka, aikinsu fitar da ruwa zuwa cikin hanji domin abinci ya jiƙa ya narke. A jikin babban mutum, kimanin lita takwas zuwa tara na ruwa ke bi ta ƙaramin hanji kullum, amma abin da ke fita tare da bayan gida bai wuce cikin ɗan ƙaramin kofi ba. Sauran duk jiki yana mayar da shi.

Dokar da ke tafiyar da wannan aiki ita ce, ruwa yana bin gishiri. Gishiri kuwa haɗin abu biyu ne, sodiyam da kulorayid. Idan sel yana son fitar da ruwa, sai ya buɗe wata ƙofa a fatarsa, kulorayid ya fita, sodiyam ya bi shi, ruwa ya bi su. Ƙofar ba ta buɗewa sai da umurni, kuma wani ɗan sinadari mai suna cAMP shi ke kai umurnin a cikin sel. Idan buƙata ta biya, sel yana daina ƙera shi, ƙofa ta rufe, kamar dai yadda mai kula da ƙofar ruwa a filin noman rani yake sakin ruwa gwargwadon buƙata sannan ya datse.

Dafin LT furotin ne mai sassa shida. Biyar daga ciki sun haɗu kamar zobe, aikinsu su kama wani kitse mai sukari da ke fatar sel, wanda ake kira GM1. Da zarar sun kama, sel da kansa yake haɗiye dafin. A ciki sai sashe na shida ya rabu, ya nufi furotin da ke kunna na'urar ƙera cAMP, ya liƙa masa wani ɗan guntun sinadari. Daga nan furotin ɗin ba ya iya kashe kansa. Misalinsa kamar mutum ne ya buɗe famfo sannan ya karye kan famfon. Saƙon yana ta taruwa, ƙofar kulorayid tana buɗe dare da rana, a lokaci guda kuma sel-sel na saman yatsu sun rage tsotsar sodiyam. Ruwa yana ta kwarara daga jini zuwa hanji fiye da yadda babban hanji zai iya mayarwa. Haka abin zai ci gaba har sel ɗin ya tsufa ya faɗi, sabo ya maye gurbinsa. Wannan ita ce hanyar da dafin kwalara yake bi, kuma ba mamaki, domin dafin biyu sun yi kama da juna da kimanin kashi 80 cikin ɗari a tsarin gininsu.

Dafin ST ya kasu biyu. Na farko, STa, ɗan mitsitsi ne: amino asid 18 kacal, an ɗaure shi tamau da ƙulli uku na sinadarin farar wuta, shi ya sa zafi ba ya warware shi. Shi ba ya shiga sel. Daga waje yake taɓa wata maɓalla a fatar sel, nan take wani ɗan saƙo mai kama da cAMP, wato cGMP, ya yawaita, ƙofar nan dai ta kulorayid ta buɗe. An daɗe ana tambayar me ya sa hanji zai kasance da maɓallar da ta dace da dafin ƙwayar cuta daidai wa daida. A 1992 aka gano cewa jiki da kansa yana ƙera wani sinadari, guwanilin, wanda ke daidaita ruwan hanji ta wannan maɓalla. Ashe dafin kwaikwayonsa yake yi, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Masu harhaɗa magunguna ba su bar wannan ya wuce su ba: a 2012 aka amince a Amurka da wani magani mai suna linakulotayid, wanda aka ƙera bisa tsarin STa, don masu fama da taurin bayan gida. Na biyu, STb, mai amino asid 48, ya fi yawa a aladu, kuma ta hanyar shigar da sinadarin kalsiyam cikin sel yake tayar da kwararar ruwa.

Yanzu amsar tambayar farko ta fito. Dafin bai yaga hanji ba, umurnin ƙarya ya ba shi. Ƙishirwar jini ce ke kashe ɗan aladen: ruwan jiki ya ƙare, jini ya yi kauri, ga kuma asarar sinadarin bayikabonet wadda ke sa jinin ya yi tsami. Akwai ma ɗan gwajin da likitocin dabbobi kan yi da takardar litimos. Zawon da dafi ya jawo yakan karkata ga ɓangaren kanwa saboda bayikabonet ɗin da ke cikinsa. Wanda bairos ya jawo kuwa yakan yi tsami, domin bairos yana cinye 'yan yatsun hanji, nonon da bai narke ba ya ruɓe.

Dafi kaɗai bai isa ba

Ƙaramin hanji ba wurin zama ba ne. Kullum motsi yake yana tura abin da ke ciki gaba, don haka ƙwayar da ba ta da abin riƙewa za ta wuce kafin dafinta ya yi wani tasiri. A 1961 Ida da Frits Ørskov na Denmak da abokan aikinsu na Ingila suka gano wani abu a jikin E. coli na aladu masu ciwo, suka sa masa suna K88 bisa zaton wani ɓangare ne na rigar ƙwayar. Daga baya aka gane siraran gashi ne na furotin da suka kewaye ƙwayar, aka sake masa suna F4, ko da yake har yau tsohon sunan bai ɓace ba. Da waɗannan gashi ƙwayar take manne wa bangon hanji.

Gwajin da ya tabbatar da haka, wanda Smith da Margaret Linggood suka wallafa a 1971, ya cancanci kowane ɗalibin kimiyya ya san shi, ba don aladu ba, sai don tsabtar tunanin da ke cikinsa. Sun riga sun san cewa umurnin ƙera dafi da umurnin ƙera gashi ba a babbar jigidar gadon ƙwayar suke ba. Suna kan wasu ƙananan zobba ne da ake kira filasmid, waɗanda ƙwaya ke iya miƙa wa 'yar'uwarta ko ta yar. Sai suka riƙa cire zobban suna mayarwa, suna bai wa 'ya'yan aladu ƙwayoyin ta baki. Ƙwaya mai dafi marar gashi ba ta jawo cuta ba. Mai gashi marar dafi ta zauna a hanji ta hayayyafa, amma abin da ta jawo bai taka kara ya karya ba. Wadda ta haɗa biyun ita ce ta jawo gudawa mai tsanani. Aka cire wa ƙwaya mai cutarwa gashinta, ta zama ba komai. Aka mayar mata, ta koma halinta. A 1975 aka gano irin wannan gashi a nau'o'in E. coli da ke kama mutane. Gashin kowane nau'i yana da hanjin da ya dace da shi, shi ya sa ƙwaya mai F4 ba ta manne wa hanjin mutum. Wani gashin kuwa, F5, yana kama ɗan alade da ɗan maraƙi da ɗan tunkiya.

A shekarar 1975 ɗin dai, Sellwood da abokan aikinsa a Ingila suka lura cewa wasu aladu ba su kamuwa ko kaɗan, domin an haife su ba tare da wurin da gashin F4 ke kamawa ba, kuma abin gado ne. Sai dai akwai wani tarko a nan. Uwar da ba ta da wannan wuri ba ta taɓa fama da ƙwayar sosai ba, saboda haka nononta ba ya ɗauke da isasshiyar kariya. Idan namiji mai wurin ya hau ta, 'ya'yan za su iya gado daga uba, su zo duniya ga ƙofa a buɗe ga kuma nono babu makami.

Dakashi da yaye

Maganar nono tana da muhimmanci domin mabiyiyar alade ba ta barin sinadaran garkuwa su ratsa daga uwa zuwa ɗan tayi. Ana haihuwar ɗan alade ba shi da kariya, sai abin da ya samu a dakashi, kuma hanjinsa yana daina shigar da waɗannan sinadarai cikin jini bayan kamar sa'a 24 zuwa 36. Haka abin yake ga ɗan maraƙi, abin da ya sa hana shi dakashi ganganci ne babba. Bayan dakashi, nonon yau da kullum yana ci gaba da wanke hanji da wasu sinadaran garkuwa waɗanda ke lulluɓe gashin ƙwayar su hana ta mannewa. Wannan ne ya sa 'ya'yan uwa mai haihuwar fari, wadda ba ta gamu da cututtuka da yawa ba, suka fi shiga haɗari, haka ma waɗanda sanyi ya hana tsotso.

Haɗari na biyu yana zuwa a lokacin yaye. Idan aka bar alade da halinta, sai 'ya'ya sun kai wata uku ko fiye take yaye su, a hankali. A manyan gonaki kuwa ana raba su da uwa suna da mako uku zuwa huɗu, rana ɗaya. Kariyar nono ta yanke, abinci ya sauya, an gwamutsa su da baƙi. Cikin mako biyu na farko sai gudawar bayan yaye ta ɓarke, yawanci daga ƙwayoyi masu gashin F4 ko F18. Wasu masu F18 suna ɗauke da wani dafi dabam, Stx2e, wanda ba a hanji yake tsayawa ba. Yana shiga jini ya lalata ƙananan hanyoyin jini, fatar ido da goshi su kumbura, dabba ta riƙa tangaɗi. An fara bayanin wannan ciwon kumburi a Ayalan ta Arewa a 1938, kuma abin takaicin makiyayi shi ne ya fi ɗaukar waɗanda suka fi ƙiba da saurin girma.

Dafin da ke cin nama

Ba kowane dafi ke barin hanji lafiya ba. Ƙwayar Clostridium perfringens nau'in C tana fitar da dafin beta, wanda ke huda fatar sel-sel, musamman na hanyoyin jinin hanji, har bangon ya mutu ya ruɓe. Zawon jini ne, kuma ɗan aladen da ya kamu a kwanakin farko da wuya ya tashi. An bayyana cutar a Ingila da Hangare a 1955. Wannan dafi yana da rauni guda: sinadarin narkar da furotin mai suna tirifsin yana farfasa shi, shi ya sa babbar dabba ba ta cika damuwa da shi ba. Jariri kuwa tirifsin ɗinsa kaɗan ne, kuma dakashi yana ɗauke da abin da ke hana tirifsin aiki, domin kada ya narkar da sinadaran garkuwar da uwa ta aiko. Abin da aka tanada don kariya, shi dafin yake fakewa da shi.

An ga irin wannan a mutane a tsaunukan Papuwa Niyu Gini, inda a farkon shekarun 1960 aka bayyana wata cutar yara da ake kira pigbel. Abincinsu na kullum dankali ne mai zaƙi, wanda ke da ƙarancin furotin kuma yake ɗauke da abin hana tirifsin aiki. Idan aka yi babban biki yara suka ci naman alade da bai dahu sosai ba, sai dafin ya samu hanji babu mai tare shi. Allurar rigakafin da aka fara yi wa yara wajen 1980 ta rage cutar ƙwarai.

Magani da rigakafi

Tun da dafin E. coli bai rusa hanji ba, akwai ƙofar da ta rage. Sel-sel na saman yatsu suna da wata hanya da ke shigar da sodiyam tare da sukarin gulukos, wadda Robert Crane ya bayyana a 1960, kuma dafin ba ya taɓa ta. Idan aka ba da ruwa mai gishiri da sukari daidai gwargwado, sukari zai ja sodiyam, ruwa ya bi su ya koma jini. Wannan shi ne asalin ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa, kuma shi ake ba ɗan alade da ɗan maraƙi. Ba ya kashe ƙwayar, yana dai riƙe rai har sababbin sel-sel su fito.

Manyan gonaki sun daɗe suna bin gajeriyar hanya, wato zuba magani a cikin abincin dukan garke. Ɗaya daga ciki shi ne sinadarin zink mai yawa, wanda Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a matsayin magani daga watan Yuni na 2022 saboda yana taruwa a ƙasar noma ta hanyar taki. Ɗayan shi ne kolistin, maganin kashe bakteriya wanda likitocin mutane ke ajiyewa sai sauran magunguna sun gaza. A 2015 masu bincike a ƙasar Sin suka ba da rahoton wata ƙwayar gado mai suna mcr-1 a cikin E. coli da aka samo daga alade, wadda ke sa kolistin ya kasa aiki. A kan filasmid take, irin zobban nan da Smith ya yi aiki da su, ma'ana tana iya tsallakawa daga ƙwaya zuwa ƙwaya, kuma ba da daɗewa ba aka same ta a nahiyoyi da dama. A 2017 ƙasar Sin ta hana sa kolistin a abincin dabbobi don ƙara musu girma.

Hanya mafi inganci ga jarirai ita ce a yi wa uwa allura makonni kaɗan kafin haihuwa, da gashin ƙwayar da kuma dafin da aka kashe wa ƙarfi, kamar na LT da na beta. Jikinta sai ya ƙera sinadaran garkuwa ya zuba su a dakashi. Ga gudawar bayan yaye, wadda nono ba ya kaiwa gare ta, akan ba 'ya'yan ta baki ƙwaya mai rai mai gashi amma marar dafi, wato irin wadda gwajin 1971 ya nuna ba ta da wata illa sosai. Dafin STa ne ya fi ba masu haɗa rigakafi wahala. Ƙanƙantarsa ta sa garkuwar jiki ba ta cika lura da shi ba, ga shi kuma ya yi kama da guwanilin, ta yadda rigakafin da aka yi ba da kula ba zai iya sa jiki ya yaƙi sinadarin kansa. Wannan, tare da yawan nau'o'in gashin da ke jikin ƙwayoyin da ke kama mutane, suna cikin dalilan da suka sa har yanzu ba a samu rigakafi na musamman da aka amince da shi don kare yara daga wannan E. coli ba, alhali aladu da shanu sun daɗe da samun nasu.